Yadda Yaya Wagdi Ya Gyara Famfon Motar Amarya

Wata Juma'a muna cin kifi a gidana, yayana Wagdi ya ajiye ƙaya a gefen faranti, ya goge baki, ya ce shi zai gyara famfon ruwan motar Baba da hannunsa.

Ni da 'yata Shuruƙ muka dubi juna.

Motar Baba ja ce, 'yar Italiya, mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Ta girme ni. A cikinta aka kai mahaifiyarmu ɗakinta, a cikinta aka zaga da ni bakin tekun Iskandariyya ranar da na auri marigayi baban Shuruƙ. Ita kuma Shuruƙ tun tana firamare take cewa in ba a cikinta ba, ba za ta je bikinta ba. To, ga biki ya matso. Uwar ango, Hajiya I'timad, ta riga ta faɗa a gaban dangi cewa ba za a kai matar ɗanta a tsohon gwangwani ba, doguwar farar mota za ta ɗauko haya. Ni kuma na ce mata, cikin ladabi, gwangwanin nan zai kai amarya har ƙofar zauren biki. Matan gidansu da na gidanmu duk sun ji.

Matsalar guda ɗaya ce. Famfon da ke zagayawa da ruwa cikin inji ya tsufa, yana ɗiga, in inji ya ɗau zafi kuma ya dinga kuka kamar mage. Usta Ramadan, bakaniken da ke duba motar tun Baba na da rai, ya ce a cire shi a sa sabo. Har ya san wanda zai aiko da shi daga waje.

"Sabo!" in ji Wagdi. "Haba Nagwa, ke da kika yi karatu? Sabon famfo ai gwangwanin madara ne aka shafa wa fenti. Na asali ba a yar da shi, farfaɗo da shi ake yi. Da idona na ga yadda suke yi a Italiya."

"Yaya, a kicin ɗin jirgin ruwa ka yi zamanka fa. Ko sauka ba su bari ka yi ba."

"Taga fa? Tagar kicin ɗin tana kallon wani gareji. Mai basira ai kallo ya ishe shi."

Wagdi ya yi ritaya ne daga wani ofishin gwamnati inda aikinsa shi ne buga hatimi. Amma a unguwarmu duk mai tabarau da biro a aljihun gaba Injiniya ake ce masa. Sauran mutane sun san girmamawa ce kawai. Shi ya ɗauka shaida ce.

"Kawu, don Allah a bar wa Usta Ramadan," in ji Shuruƙ.

"Ke 'yar nan, ranar bikinki mutane za su manta da amarya, su tsaya sauraron inji. Ki ci kifinki."

Motar gadonmu ce mu biyu, makullin gareji kuma yana aljihunsa. Kafin in buɗe kantin maganina washegari, ya riga ya sa an turo masa motar waje. Ya ce gareji ba haske. Garejin yana da haske, 'yan kallo ne ba shi da su. Ya tsayar da ita daidai gaban shagon gahawar Baba Girgis, ya shimfiɗa zanen teburin Mama a ƙasa, ya jera sifanu a kai, ya saka farar rigata ta aiki wadda ko maɓallinta ba ya rufuwa a cikinsa. Masu shan gahawa suka ture allon wasansu, suka juyo da kujeru.

Notin farko ya kwance lafiya. Wagdi ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Na biyu ya ƙi. Ya zura bututun ƙarfe a sifana, ya hau da ƙafa.

Ƙas!

"Injiniya, kamar wani abu ya karye," in ji Alhaji Bayumi mai kayan yaji.

"Ba karyewa ya yi ba, Alhaji. Da gangan suke yin ɗaya mai rauni, don ya karye ya ceci 'yan uwansa."

"Allah sarki. Ashe shahidi ne."

Kafin azahar ya cire lagireto, ya cire fanka da fambel, ya cire fitilar hagu wadda har yau ban san laifinta ba. Da famfon ya fito, ya zaga da shi tebur-tebur kamar jinjiri ranar suna. Sai aka zo fitar da tsohon boris, wato zoben ƙarfen da famfon ke juyawa a kansa, daga cikinsa. Ya aika gidana aka ɗauko taɓaryar tagulla da nake daka tafarnuwa. Duka na farko boris bai motsa ba. Na biyu ma haka. A na uku ya fito, ya yi tsalle, ya faɗa cikin kofin wani direban tasi. Jikin famfon kuma ya tsage daga baki har ciki.

Baba Girgis ya sunkuyo ya duba. "Wannan ma shahidi ne?"

"Wannan tsagar tun daga kamfani take. Hanyar numfashi ce, tsatsa ce ta rufe ta."

Da yamma na dawo gida na tarar da injin wankina a kwance, cikinsa a waje, kayan da na jiƙa na gidan amarya suna cikin baho.

"Yaya, me ya sami injin wankina?"

"Aro na yi. Boris ɗinsa daidai da na famfo, kamar uwa ɗaya ta haife su."

"Da me zan yi wanki?"

"Da me Mama ta yi? Ba ki san darajar hannu ba ne, Nagwa, shi ya sa kafaɗarki ke ciwo."

Na ja numfashi, na zauna na wanke zannuwan gado da hannu. Na ce a raina iyakar ɓarnar ke nan.

Da sassafe ihu ya tashe ni. Ummu Sabri ce, mai yi wa amare lalle, da ke zaune a hawa na ƙarshe na benenmu. Ta leƙo ta baranda, kumfar sabulu a rabin kanta.

"Jama'a! Wane ɗan albarka ne ya taɓa injin ruwa?"

Benenmu, kamar kowane bene a layin, ruwa ba ya hawa sama sai da injin da ke ƙarƙashin matakala. Wagdi yana neman robar da ke tare ruwa a bayan farfelar famfo, ya rasa, sai ya tuna akwai irinta a can. Ya cire ta bayan sallar asuba. Tun daga hawa na biyu har sama babu ko ɗigo.

"Ummu Sabri, ki yi haƙuri," ya ɗaga murya daga ƙasa. "Hidimar amarya ce. Ba kwa so ku sami lada?"

"Lada? Da sabulu a idona?"

Ta kwance kwandon da take zurowa da igiya in za ta sayi burodi, ta ɗaura bokitin ƙarfe, ta sako shi da gudu. Sai da ya yi ƙara a tsakiyar sanƙonsa.

"Cika shi, Injiniya! In ka gama akwai tukwane!"

Ranar, duk barandar da ka duba bokiti ne ke saukowa. Wagdi ya yini yana ɗiban ruwa a famfon masallaci, yana gaya wa masu wucewa cewa gwajin ƙarfin igiyoyin unguwa yake yi. Sai da na kira mai gyaran famfo ya sa wata robar kafin ruwa ya dawo. Gaisuwa dai ba ta dawo ba. Duk layin aka daina amsa masa sallama.

Bai fasa ba. Ya yanka gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana yoyo, daga kwalin alewar da Hajiya I'timad ta kawo ranar baiko, ya shafe tsagar da wani danƙo, ya ɗaure komai. Ana cikin haka Usta Ramadan ya biyo ta layin. Ya leƙa cikin bonet, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ya cire hularsa, ya zo har ƙofar kantina.

"Dakta, Allah ya ji ƙan Alhaji mahaifinki. Allah ya ba ki haƙuri."

"Usta, ba abin da za a iya yi?"

"Da an aika tun ranar da na faɗa, da sabo ya iso. Yanzu sai bayan biki. Wannan kuwa ko gawarsa ba zan wanke ba."

"Hassada!" Wagdi ya ce da ƙarfi, bayan ya tabbata Usta ya sha kwana.

Aka cika lagireto, aka tayar da mota. A da ɗiga take yi. Yanzu ruwa ya ɓalle kamar an buɗe famfon wanka, ya bi gefen titi, ya shige ƙarƙashin kujerun Baba Girgis. Masu gahawa suka ɗage ƙafafu ba tare da sun ajiye kofunansu ba.

"Gumi ne," in ji Wagdi, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. "Sabon aiki dole ya yi gumi."

Ya zauna a bakin titi shi kaɗai, ya zuba tagumi, farar rigata ta koma baƙa.

Baba Girgis ne ya fara tausaya masa. Ya fito da kofi cike da garin gahawa.

"Injiniya, direbobin tasi haka suke yi. Ka zuba a lagireto, garin ya bi ruwa ya je ya toshe ramin."

Na ga bakin Wagdi ya motsa zai yi masa dariya. Sai ya tuna wannan ne mutum na farko da ya yi masa magana tun ranar bokitai.

"Ka ga, Baba Girgis, kai kana da kai. Wannan ai dabarar Italiya ce. Jira nake in ga ko akwai wanda ya san ta a layin nan."

Ya juye. Ruwan ya ɗan ragu.

A layinmu, in ka karɓi shawarar maƙwabci ɗaya ka ƙi ta wani, ka sayi gaba har jikoki. Ba a yi nisa ba sai ga Alhaji Bayumi da ƙunshi a hannu, fuska a murtuke.

"Wato gahawar Girgis ta fi barkonona daraja? Ubana da garin barkono ya kai babbar mota har Aswan, ko ɗigo ba ta zubar ba."

"Alhaji, ai kai nake jira. Gahawa share fage ce."

Aka juye barkono. Sha'aban mai sayar da dafaffen wake ya bar tukunyarsa ya zo da ƙwai. Ya ce farin ƙwai kawai ake sawa, ya dahu a ciki ya liƙe ramin. Wagdi ya ce a Italiya ba a raba ƙwai da gwaiduwarsa, ya fasa su duka. Mai gugar kaya ya ji labari ya kawo sitaci, ya ce abin da ya tsayar da kwalar riga zai tsayar da ruwa. Can sai ga igiya tana saukowa daga hawa na ƙarshe. Wagdi ya kare kansa da hannu biyu. Kwando ne wannan karon, da kwano cike da kwaɓaɓɓen lalle.

"Don Shuruƙ na yi, ba don kai ba," in ji Ummu Sabri daga sama. "Lallena in ya kama, ba ya saki."

Aka juye lalle.

Yoyo kuwa ya tsaya cak. Aka shimfiɗa jarida a ƙarƙashin mota, aka jira, aka ɗauke ta a bushe. Shagon gahawa ya kaure da tafi, kowa yana cewa nasa ne ya yi aiki. Wagdi ya hau kan kujera ya yi bayanin cewa kayan haɗi ko jahili ya san su, sirrin yana wurin wanda ya san wanne ke bin wanne.

Na ja shi gefe.

"Yaya, abin da ya toshe rami zai toshe hanya. Bututun cikin lagireto sirara ne kamar tsinke. Ina ruwan zai bi?"

"Nagwa, ina shiga kantinki in gaya miki yadda ake ƙirga ƙwayoyi?"

"Kana yi. Kullum."

"To yau ban yi ba."

Na ce a gwada ta a hanya. Ya yarda. Da sanyin safiya ya zaga layin sau ɗaya, a hankali kamar mai ɗauke da tiren shayi, ya dawo yana hon. Ya ce kada a ƙara, kada a gajiyar da ita kafin babbar rana.

Na sami Shuruƙ a ɗaki tana gwada takalmi. Na ce mata ko mu haƙura, in je in ba Hajiya I'timad haƙuri, a hau farar motar.

"Mama, in kika sunkuyar da kai yau, ni zan zauna da ita a haka har tsufana. Kuma marigayi Babana ya ce a motar Kaka zai kai ni. Shi bai samu ba, ita tana nan."

Na sa maganin ƙuna da na ido a jakata, na ɗauki babbar ledar da aka kawo rigar amarya a ciki, na ninke ta.

Ranar biki bayan la'asar, ango Hazim ya zo ɗaukar amarya daga shagon kwalliya. An lulluɓe jar motar da furanni, ta yi kyau har na ji ƙwalla. Hazim ya zauna a sitiyari, Shuruƙ a gefensa, farar riga ta cika kujera ta tumbatsa. Ba wurin mutum na uku, amma Wagdi ya ce injiniya ba ya rabuwa da aikinsa. Ya haye bayan motar, ya zauna kan naɗaɗɗen tamfol cikin sabon kwat, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Makaɗa da mai algaita suna gaba a bayan a-kori-kura. Ni ina cikin tasi dab da jar motar, 'yan layinmu cike da bas a bayana, dangin ango a nasu motocin.

Muka hau titin bakin teku. Lokacin zafi ne, duk mutanen Alƙahira sun kwararo shan iska, motoci sun cushe, ana tafiya taku-taku. Ta tagar tasi ina jin komai.

"Kawu, allurar zafi tana hawa," in ji Hazim.

"Murna take yi. Tuƙa."

Aka ɗan matsa.

"Kawu, ta kai ja."

"Motar ma ai ja ce, ɗana. Ka taɓa ganin ɗan Italiya mai sanyin jini?"

Sai ƙamshi ya fara tashi. Gahawa ce ta fara, ƙwai ya biyo baya. Wani mutum a cikin bas ɗin haya ya leƙo da kai.

"Ango, Allah ya sanya alheri! A nan ake rabon abincin ne?"

"Sabon inji haka yake ƙamshi!" Wagdi ya mayar masa.

Muna hawa gadar Istanli, inda kowace amarya ke tsayawa a yi mata hoto, boris ɗin injin wankina ya gaji. Ya saki wata ƙara da ta danne algaita. Fambel ya tsinke, ya yi bulala a cikin bonet. Motar ta yi tari, ta mutu a tsakiyar gada. Duk jerin gwanon ya tsaya, bayanmu hon har iyakar gani.

Wagdi ya diro ba alamar damuwa. Gada cike take da masu yawo da masu kamun kifi da wasu amaren da angwayensu. Bai taɓa samun taro irin wannan ba.

"Jama'a, a matsa baya, a ba ilimi wuri. Ɗan numfashi take so."

Ya ɗaga bonet. Tururi ya bugo, iskar teku ta kwashe shi ta kai wa makaɗa. Mai algaita ya ja dogon numfashi zai busa, ya shaƙi barkonon Alhaji Bayumi har cikin huhu. Algaitar ta yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Masu ganga suka saki ganguna suna atishawa. Matan da suka buɗe baki za su yi guɗa suka ɓarke da tari. Wata amaryar da ba mu san ta ba, kwallinta ya zubo har haɓa.

Na fito da gudu na lulluɓe Shuruƙ da leda tun daga kai.

"Yaya, kada ka taɓa murfin nan!"

"Kun ji matsalar mata," ya ce wa taron, hawayen barkono na zuba a kumatunsa. "Tsoro. Inji kuwa yana gane mai tsoronsa."

Daidai lokacin Hajiya I'timad ta iso, cikin doguwar riga ruwan madara da ta ce daga Dubai aka kawo mata. Ta ratsa mutane, ta tsaya a gefen motar, ta ɗaga yatsa.

"Dakta Nagwa, me na gaya m—"

Wagdi ya naɗe hannunsa da kwat, ya murɗa murfin lagireto.

Abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani jan kunu ne mai kauri, ya yi sama kamar bishiyar dabino, ya tsaya a iska ɗan lokaci, sannan ya dawo. Allah ya taimaka tsayin da ya yi ya rage masa zafi. Rabinsa ya sauka a kan Wagdi. Sauran iska ta ba Hajiya. Gutsattsarin dafaffen ƙwai suka dinga sauka a kan mutane kamar ƙanƙara.

Sai muryar Sha'aban daga tagar bas:

"Na ce masa farin kawai! Wallahi na ce masa farin kawai!"

"Ƙwanka ne ya ɓata aikin," in ji Alhaji Bayumi. "Barkono ya yi nasa, duba yadda kowa ke kuka."

"Gahawata ita kaɗai ta isa, ku kuka cika ta da tarkace!"

"Ku dai faɗi gaskiya," in ji Ummu Sabri, tana nuna rigar Hajiya. "Na wa ya kama?"

Hajiya I'timad ta cire gwaiduwa daga gyalenta, ta dube ta, ta yar. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ɗaga waya ta ce, "Matso." Sai ga doguwar farar mota tana ratso cunkoso daga baya, ba kowa a ciki sai direba. Ashe ta ɗauko ta, tun daga shagon kwalliya take bin mu a ɓoye.

Direba ya buɗe ƙofa. Hajiya ta dubi Shuruƙ.

"Sauko, 'yata. Wasa ya ƙare."

Shuruƙ ta yaye leda. Rigarta fara fat, sai ɗan ɗigo a gefen hannu. Ta gyara zama.

"Mama Hajiya, ki gafarce ni. A motar kakana zan isa."

"Motar kakanki ta zama tukunya."

"To a tukunyar zan isa."

"Hazim! Kana ji?"

Hazim ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya dubi teku kamar mai auna zurfinsa. Duk dangi biyu sun kewaye mu, baƙi sun ɗaga wayoyi. Na san duk wadda ta sauko daga maganarta a kan gadar nan, za a yi ta ba da labarin har a bikin jikoki.

Wagdi ya share kunu daga tabarau. "Ku ba ni minti kaɗan da kwalbar lemo mai gas. A Italiya—"

"Yi shiru!" Ni da Hajiya muka faɗa tare. Shi ne karo na farko da bakinmu ya zo ɗaya.

Na matsa kusa da ita, na miƙa mata hankici, na yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ke kin ce farar mota ce za ta kai amarya. Ni na ce ja. Farar tana da ƙugiya a baya?"

Ta goge wuya. Ta dubi direba. Direba ya ce akwai.

"Tawa ce a gaba," in ji ta.

"Taki ce a gaba."

Wani mai kamun kifi ya ba da igiyar kwale-kwale, aka ɗaure jar a bayan farar. Hajiya ta shige kujerar baya ita kaɗai, ta ɗage gilashi, inda ba mai ganin rigarta. Mai algaita ya sha ruwa ya farfaɗo. Aka ɗauki kiɗa, aka ja amarya a motar kakanta, tana ɗaga hannu tana dariya, Hazim riƙe da sitiyarin da ba inji.

Wagdi ya nufi bayan motar zai hau, Shuruƙ ta ce, "Kawu, rigata." Ya nufi farar, direba ya danna makulli. Mai tasina ya ce bai daɗe da wanke kujeru ba. 'Yan bas suka ce ba wuri, alhali ina hango kujeru biyu ba kowa. A ƙafa ya biyo mu, yana gaya wa duk wanda ya jera da shi cewa famfon kansa lafiyarsa lau, fambel ne na zamani.

Mun isa ana kiran magariba. Amarya ta sauka daga jar mota a ƙofar zaure, aka yi guɗa har ta gaji. Wata ƙanwar Hajiya ta aro mata baƙar abaya, ta fito tana gaya wa baƙi cewa dama haka ta tsara, sabuwa ta ja tsohuwa. Na ce ƙwarai kuwa, haka aka tsara.

Ina tsaye ina karɓar baƙi sai na ji hayaniya a bakin ƙofa. Wagdi ne ya iso, sanƙonsa ja jawur, sitaci ya sandarar da kwat ɗin har hannuwansa ba sa sauka, ƙamshin ƙwai da barkono na riga shi gaba. Mai gadi ya tare shi da hannu.

"Malam, masu girki ta baya suke shiga."

"Kai! Ka san da wa kake magana? Ni ne kawun amarya! Ni ne injiniyan motar can!"

Mai gadi ya shinshina shi, ya juyo wurina.

"Dakta, kin san wannan?"

Na dubi yayana tun daga sama har ƙasa. Na tuna zannuwan da na wanke da hannu.

"Na san shi," na ce. "Shi ya yi girkin. Nuna masa ƙofar baya."